Shin Wayata Na Saurarena? Amsoshin Tambayoyinku Kan Kamfanonin Fasaha

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon sun karkata wuri guda: mutane sun fara zargin cewa akwai abin da kamfanonin waya da na intanet ke yi musu a bayan fage. Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Malam, da daddare muna hira da maigidana kan sayen firiji, ban rubuta komai a waya ba. Da safe na buɗe Facebook sai ga tallan firiji. Anya wayar nan ba saurarenmu take yi ba?

'Yar'uwa, babu tambayar da ta kai wannan yawan zuwa mini, kuma ban ga laifin mai yin ta ba, don biri ya yi kama da mutum. Sai dai waɗanda suka bi diddigin lamarin ba su kama wayar da wannan laifin ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Boston a Amurka sun gwada manhajojin Android fiye da 17,000, suna duba duk abin da ke fita daga cikin wayar. Ba su samu ko ɗaya tana kunna makirufo a ɓoye tana aika murya ba. Abin da suka gano shi ne wasu manhajoji na ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar wayar, suna tura wa wasu kamfanoni ba tare da sanin mai ita ba.

To, daga ina firijin ya fito? Ki tambayi maigidan ko ya duba farashin firiji a wayarsa kafin ku yi hirar. Sau da yawa abin da ya kawo hirar ke nan. Shafukan sayayya da dama na ɗauke da wani ɗan kayan aiki na kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, sunansa Pixel, wanda ke kai rahoton wane ya shiga, me ya kalla, me ya saka a kwando ya fasa saya. Wayarki da tasa kuma suna kwana a wuri ɗaya, suna hawa intanet ɗaya, lambarki na cikin jerin lambobinsa. Wannan kaɗai ya isa na'ura ta gane gida ɗaya kuke, kuma gidan na neman firiji. Ki ƙara da cewa tallace-tallace da yawa sun wuce ta gabanki a makon nan ba ki ko kalle su ba, wanda ya dace da hirarku ne kawai ya tsaya miki a rai.

Ni wannan ya fi tayar mini da hankali a kan sauraren. Sun san mu har ba sa buƙatar kasa kunne. Kuma ruwa ba ya tsami banza: a 2023 kuɗin shigar Meta ya kai kusan dala biliyan 135, fiye da kashi 97 cikin 100 daga talla. Ke da ni ba mu biyan Facebook ko sisi. Mai talla ne ke biya, abin da yake saya kuwa shi ne damar isa gare ki a daidai lokacin da kike tunanin firiji.

Ba na cewa murya ba ta taɓa fita ba. A 2019 ya bayyana cewa wasu ma'aikatan kwantiragi na sauraren guntayen muryoyin da Siri, manhajar Apple mai amsa umarnin murya a iPhone, ta naɗa, har da waɗanda ta naɗa bisa kuskure. A Janairun 2025 Apple ya amince ya biya dala miliyan 95 don a rufe ƙarar da aka kai shi, bai amsa laifi ba, ya kuma ce bai taɓa sayar da bayanan ga masu talla ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne na Cambridge Analytica, wani kamfanin da ke wa 'yan siyasa aikin kamfe da bayanan jama'a, da ya fashe a Maris 2018: mutum kusan 270,000 ne suka amsa tambayoyin wata 'yar manhaja a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan mutum har miliyan 87, wato abokansu da ba su san hawa ba balle sauka. Hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. Kuɗi ne mai yawa, sai dai a shekarar kamfanin ya samu kimanin biliyan 70.

Kamfanonin kan ce ai kin yarda. Yardar da aka karɓa ta hanyar ɗora wa mutum rubutu mai tsawon gaske da harshen lauyoyi, da maɓalli ɗaya tak a ƙarshensa, ni ban ɗauke ta yarda ba. Kwanakin baya gwaggona ta miƙo mini wayarta wai caji ba ya daɗewa. Na shiga wurin izinin manhajoji, sai na tarar da wata manhajar tocila tana da izinin ganin lambobin mutanenta, da inda take, da makirufo. Aikinta kunna fitila ne kawai, kuma wayar na da tocilarta tun daga masana'anta. Na tambaye ta yaushe ta ba da wannan izini, ta ce ita dai duk abin da ya fito tana danna shuɗin ne don ya ba ta wuri.

Ki shiga saitin wayarki, ɓangaren sirri, ki duba waɗanda ke da izinin makirufo da na wurin da kike, ki cire na duk wadda aikinta bai buƙace shi ba. Daga Android 12 zuwa sama, ɗigo kore kan bayyana a saman fuskar waya idan ana amfani da makirufo ko kyamara. A iPhone ɗigo mai ruwan lemo ne na makirufo, kore na kyamara. Idan kin ga ɗigon ba ki kunna komai ba, ki ja saman fuskar ƙasa, zai nuna miki sunan manhajar.

Tambaya: Gaskiya ne kamfanoni na rage wa tsofaffin wayoyi gudu da gangan don mu sayi sababbi? Tawa shekara uku ke nan, tun da na sabunta ta take jan ƙafa.

Ɗan'uwa, an taɓa kama wani abu mai kama da haka. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage ƙarfin aikin wasu wayoyinsa, irin su iPhone 6 da 6s da 7, idan batirinsu ya tsufa. Hujjarsa ta fuskar injiniya tana da tushe. Batirin da ya sha caji ɗaruruwa ba ya iya ba da wuta mai ƙarfi farat ɗaya, to idan ƙwaƙwalwar wayar ta nema ba ta samu ba, sai wayar ta mutu ko da cajin na nuna kashi 30. Rage gudun na hana wannan mutuwar.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Laifin shi ne shirun da aka yi. Mutum na riƙe da wayar da sabon batir kawai take buƙata, ba a gaya masa ba, sai ya ɗauka ta gama yayi ya je ya sayi wata, kuɗin kuma ya koma aljihun wanda ya yi shirun. Ko da niyyar farko mai kyau ce, wanda ke cin ribar rashin saninka bai kamata ya zama shi ne ke yanke shawarar ko a sanar da kai ba. Faransa ta ci Apple tarar Yuro miliyan 25 a 2020 kan rashin sanar da masu saye. A Amurka ya amince da biyan har dala miliyan 500 ga masu wayoyin, da wata miliyan 113 ga jihohi fiye da 30. Tun kafin nan, a 2018, Italiya ta ci Apple Yuro miliyan 10, Samsung kuma miliyan 5, kan sabuntawar da ta nauyaya tsofaffin wayoyi. Bayan wannan hayaniyar ne aka saka wurin duba lafiyar batir a iPhone.

Taka wayar kuwa, ka fara da abubuwa biyu kafin ka zargi kowa. Ma'ajiyar da ta cika maƙil na sa waya nauyi ƙwarai, ka share tsofaffin bidiyon da suka taru ta WhatsApp ka bar mata wurin numfashi. Sannan batir: in lafiyarsa ta yi ƙasa da kashi 80, ko ka ga bayan wayar ya fara ɗagowa kamar an cusa wani abu a ciki, a canza shi nan take, don batirin da ya kumbura na iya kamawa da wuta. Kar ka daina sabuntawa saboda wannan, a cikinta ake toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. In za ka sayi wata, ka tambayi shekara nawa za a ci gaba da sabunta ta. Google ya yi alƙawarin shekara 7 daga Pixel 8, Samsung ma haka daga Galaxy S24, amma ƙananan wayoyi da yawa ba sa samun ko rabin haka.

Tambaya: Me ya sa iPhone ya koma amfani da caja irin ta Android?

Doka ce ta sa. Tarayyar Turai ta zartar a 2022 cewa daga ƙarshen Disambar 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai ta kasance da bakin caji na USB-C. Apple ya daɗe yana adawa, yana cewa hakan zai daƙile ƙirƙira, amma a Satumbar 2023 iPhone 15 ya fito da USB-C a duk duniya, don ƙera waya iri biyu asara ce. Na goyi bayan dokar ɗari bisa ɗari. Ka dai lura, kamannin baki ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya, wata igiyar caji kawai take yi a hankali, wata kuma na ɗaukar wuta da bayanai da sauri.

Tambaya: Na ji an ce kotu ta samu Google da laifin mamaye kasuwa. Ai ba wanda ya tilasta mana, mu muke zaɓarsa don ya fi kyau. Ina laifinsa?

Malam, na yarda da rabin maganarka, Google ya iya aikinsa. Amma yaushe ka zaɓe shi? Ka sayi waya, ka buɗe kwali, ka tarar da shi zaune a ciki. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar, an bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya da masu burauza da kamfanonin sadarwa don ya zama shi ne wanda za ka tarar. A 2022 rabon Apple kaɗai ya kai biliyan 20. In da gaske kowa zai neme shi da kansa, me zai sa ya kashe wannan dukiya? Ya san abin da ya sani: yawancinmu ba ma taɓa abin da muka tarar an saita mana.

Illar tana tafiya ne a zagaye. Yawan masu bincike ke koya wa injin bincike amsa mai kyau, wanda bai samu jama'a ba ba zai gyaru ba, wanda bai gyaru ba ba zai samu jama'a ba. A ranar 5 ga Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya riƙe kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. A Satumbar 2025 ya faɗi matakin gyara: ba a tilasta masa sayar da burauzarsa Chrome ba, an hana shi yarjejeniyar da ke rufe wa wasu ƙofa gaba ɗaya, an umarce shi ya ba abokan gasa wasu bayanai, amma an bar shi ya ci gaba da biya. A ganina hukuncin ya yi sauƙi, tunda kuɗin shi ne tushen matsalar. Kai dai ka gwada da kanka: cikin saitin burauzarka akwai wurin canza injin bincike, ka sa DuckDuckGo ko Bing na mako guda. In ka koma Google bayan nan, to a lokacin ne ka zaɓe shi.

Tambaya: Ina da 'ya 'yar shekara 13 da ba ta ajiye waya. Na ji Ostireliya ta hana yara shiga shafukan sada zumunta. Kana ganin wannan ce mafita?

Allah ya raya ta, ya shirya mana su. Majalisar Ostireliya ta zartar da dokar a Nuwambar 2024, ta fara aiki ranar 10 ga Disamba 2025. Ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a irin su TikTok, Instagram, Snapchat, Facebook da YouTube. Abin da ya burge ni shi ne inda aka ɗora nauyin. Ba a hukunta yaro ko iyayensa, kamfanin da ya yi sakaci ne zai iya biyan tara har dalar Ostireliya miliyan 49.5. Daidai ne, domin gungurawar da ba ta da ƙarshe da bidiyon da ke kunna kansa ba haka kawai suka faɗo ba, ƙwararru ne suka tsara su don mutum ya kasa tashi. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna kamfanin ya yi nasa binciken, ya ga Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata damuwa kan surar jikinsu. Zalunci ne a bar yarinya 'yar 13 ita kaɗai ta yi kokawa da wannan.

Damuwata ita ce yadda ake tantance shekarun. Kafin a hana yaro, sai an tabbatar babba ne babba, wato kowa zai iya fuskantar a ce ya nuna fuskarsa ga kyamara ko ya miƙa katin shaida. Ina waɗannan hotuna za su kwana? A Oktoban 2025 Discord, wani dandalin hira a intanet, ya sanar cewa kutsen da aka yi wa wani kamfanin da ke masa aiki ya iya fallasa hotunan katin shaidar mutum kusan 70,000. Dokar da za ta tilasta tantancewa dole ta tilasta share abin da aka karɓa da zarar an gama, in ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kai kuwa, Alhaji, kar ka jira doka. In wayarta Android ce ka saka Family Link, in iPhone ce akwai Screen Time a cikin saiti, duka suna ba ka damar ƙayyade sa'o'i da amincewa da kowace manhaja kafin a sauke ta. Ka saita su tana zaune kusa da kai, ka gaya mata dalili, don abin da aka yi a ɓoye za ta nemi hanyar kauce masa a ɓoye. Ka mayar da asusunta na sirri, ka rufe saƙonnin baƙi. Da daddare kuma wayar ta kwana a caji a falo, tata da taka.