Giyar Cek mara ƙarfi a gida

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka haɗa giya irin ta ƙasar Cek wadda ba ta da ƙarfi, amma ba ta zama salam ba. Su can suna kiranta desítka, wato digiri 10 na sukari (sukari kusan kashi 10 cikin ɗari) kafin ta tsima, ƙarfinta kusan kashi 4 cikin ɗari. Jiƙa tsiron sha'ir ɗinka a ruwa mai zafin digiri 68 na Celsius, don a bar sukarin da yis ba zai cinye ba. Shi ke ba ta kauri. Furen hops (mai ba giya ɗaci da ƙamshi) irin Saaz na garin Žatec za ka sa, da ruwa mara kanwa kamar na birnin Plzeň na Cek. Inda mutane ke faɗuwa shi ne sanyi: ta tsima a digiri 9 zuwa 11, sannan ta kwanta a firji wata guda. In wutarku tana yawan ɗaukewa, gyara wannan tukuna.