Tambaya da Amsa: 'Yan Tsanan Jarumai Ba Tare da Ƙarar da Albashi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana mai shekara 9 ya zauce da Spider-Man, ni kuma tun ina yaro Batman ne gwanina. Muna so mu fara tara 'yan tsanansu na roba, amma albashina na malamin firamare ne. Na sayi biyu a kasuwa, sati bai zagayo ba hannun ɗaya ya ɓalle. Wane iri zan nema? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, jabu aka sayar maka, kuma ni ma na taɓa cin wannan kasuwar. Superman na farko da na saya idonsa ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma, ga warin roba kamar an ƙona taya.

Na asali kala-kala ne. Kamfanin Hasbro na Amurka yana yin Titan Hero masu tsawon inci 12. Suna da araha da ƙwari, sai dai gaɓoɓinsu kaɗan ne, yawanci wuya da kafaɗa da ƙugu kawai ke motsi. Wannan ya dace da yaro mai wurgi da kaya. Na manya su ne Marvel Legends masu inci 6, waɗanda kamfanin Toy Biz ya fara a 2002, Hasbro ya karɓa a 2007. Gwiwa da gwiwar hannu duk suna lanƙwashewa, kana iya tsugunar da Spider-Man kamar zai yi tsalle daga kan rufi. Batman ɗinka kuwa ka duba na kamfanin McFarlane da ake kira DC Multiverse, masu inci 7 da suka fara fita a 2020. Ka lura, idan ka jera su da na Marvel za su ɗan fi su tsawo. Na kamfanin Hot Toys na Hong Kong ɗaruruwan daloli ne, mu wuce wurin.

Shawarata ita ce gwanjo. Wanda aka fitar daga kwali farashinsa yakan faɗi sosai, kai kuma ba kwalin za ka yi wasa da shi ba. Cikin tarin kayan wasan yara na gwanjo na tsinci wani Black Panther na asali, ƙura kawai ta rufe shi. Kafin ka biya, ka juya shi ka duba tafin ƙafa ko bayan cinya, na asali yakan zo da tambarin kamfani da shekara. Masu jabu ma sukan kwaikwayi tambarin, don haka ka tsayar da shi a kan tebur: idan ya zube kamar mai jin barci, gaɓoɓin sun saki, ka ajiye musu kayansu.

Idan gaɓa ta ƙage, kada ka murɗa da ƙarfi. Tsoma ta a ruwan zafi kamar minti ɗaya, robar za ta yi laushi ta juya. Kada ka ajiye su inda rana ke dukansu ta taga, fenti zai koɗe, zafi kuma kan sa robar ta yi danƙo. Lokacin hunturu burushin fenti mai laushi ya isa kakkaɓe ƙura. In akwai ƙanin da bai kai shekara 3 ba a gidan, ka ɗauke ƙananan hannuwa da makaman da suke zuwa da su, ka zuba a gwangwani mai murfi.