Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Haye Mashigar Khunjerab

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Islamabad, kuma muna shirin bin babbar hanyar Karakoram har zuwa mashigar Khunjerab da ke kan iyakar Pakistan da Sin. Da gaske ne wurin yana sa ciwon kai?

Amsa: Da gaske ne, Malam. Tsayin mashigar mita 4,693 ne daga saman teku, kuma iskar oksijin da mutum yake shaƙa a can ba ta kai kashi 60 cikin 100 na wadda ake shaƙa a bakin teku ba. Mota ce take yaudarar matafiya, domin cikin 'yan sa'o'i za ta kai mutum inda jikinsa yake buƙatar kwanaki kafin ya saba, sai ya ji kai yana sarawa, ga jiri, ga tashin zuciya. Ku yi kwana biyu a Karimabad ko Sost, garuruwan da ke kan hanyar, kafin ku hau, kada kuma ku daɗe a saman. Likitanka zai iya rubuta maka acetazolamide, maganin da yake taimaka wa jiki ya saba da tsayi, wanda ake fara sha kwana ɗaya kafin hawa. Amma idan ka ga abokin tafiyarka yana tangaɗi kamar wanda ya bugu, ko yana haki alhali a zaune yake, ko yana tari da kumfa, ku juya mota ku gangara nan take, ko da dare ne.

Tambaya: Ɗana mai sikila ya matsa sai ya bi abokansa. In bar shi?

Amsa: Hajiya, kada ki bar shi. Ƙarancin oksijin da tsananin sanyi da bushewar jiki su ne suke tayar da ciwon, kuma duka ukun suna jiransa a can, inda asibitin da zai iya yi masa ƙarin jini yake da nisa. Ko mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya daga cikin iyayensa kawai, wanda ba ya ganin kansa majinyaci, saifarsa tana iya samun matsala a irin wannan tsayi, saboda haka ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ba abin rainawa ba ne.

Tambaya: Ina da hawan jini. Zan iya zuwa?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, muddin jininka ya daidaita kuma babu ciwon zuciya. Ka sa magungunanka a aljihun riga, ba cikin jakar da aka ɗaure a saman mota ba, ka kuma tafi da na'urar awo, domin jini yakan ɗan hau a kwanakin farko.