Wai ɗan majalisar jiha a Amurka yana da iko a kan dokokin zaɓe?

Tambaya: Malam, na ji wata 'yar takarar majalisar jiha a Amurka tana cewa za ta sauƙaƙa kaɗa ƙuri'a, ta bar wa garuruwa ikonsu. Anya tana da wannan ƙarfin kuwa?

Amsa: In ta ci zaɓe tana da shi, ɗan'uwa, amma tare da sauran 'yan majalisar. Tsarin mulkinsu ya ba majalisun jihohi ikon tsara lokaci da wuri da yadda za a zaɓi 'yan majalisar tarayya, shi ya sa a jihar Oregon tun 1998 masu zaɓe suka amince ƙuri'a ta zo maka gida ta gidan waya, ka cike ka mayar, wasu jihohin kuma sai ka nuna katin shaida. Zancen garuruwa ne ya fi damuna gaskiya, don ikon gari daga jiha yake fitowa, a jihohi da dama majalisar jiha na iya karɓewa gobe. A tambaye ta wace doka za ta kawo.