Muryar da aka turo guruf kan kolon ɗin da suka ƙi daidaita

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Ƙanena da ke ma wani shagon atamfa na nan Tahoua shafin intanet, na saurari tambayarka kan CSS Grid, wato hanyar jera kaya a shafi cikin layuka na kwance da kolon na tsaye. Ka ce ka sa grid-template-columns na kolon uku daidai wa daida, ka sa grid-auto-flow: column don kaya su jeru a kwance, amma daga na huɗu kowane da nashi faɗi.

To ba Chrome ne ya lalace ba. Kolon uku kaɗai ka faɗa mishi. Da kaya suka wuce uku, shi da kanshi ya ƙaro na huɗu da na biyar, kuma waɗannan ba ruwansu da template ɗinka. Kamar ka shimfiɗa tabarmi uku ne baƙi biyar suka zo, sauran biyun kowa ya zauna inda ya samu. Mai hukunci a kansu shi ne grid-auto-columns, in ba ka taɓa shi ba yana kan auto, wato abin da ke cikin kolon shi ke yanke faɗinshi. Shi ya sa mai dogon suna ya baje, mai gajeren suna ya tsuke.

Yanzu saurara da kyau, nan ne mutane ke faɗawa. Za ka rubuta 1fr a grid-auto-columns, wato kowane kolon ya samu kaso ɗaya daidai, ka ce an gama. Amma 1fr ba ya yarda kolon ya ƙanƙance ƙasa da abin da ke cikinshi, doguwar kalma ɗaya ko babban hoto sai ya tura shi. Rubuta minmax(0, 1fr) don kolon ya iya ƙanƙancewa, har a cikin template ɗin ma, sannan ka sa ma hotuna max-width: 100%.

Ni dai a ganina, tunda masu saye da salula za su duba, kar ka matse atamfa goma a fuska guda, ba wanda zai ga zanen. Cire template ɗin gaba ɗaya, ka ba grid-auto-columns 70%, ka ƙara overflow-x: auto. Mutum zai ga ɗaya cikakke da gefen na biyu, ya gane ana ja da yatsa.

Af, grid-auto-columns yana karɓar ƙima biyu ma, misali 200px 100px, sai ya riƙa maimaita su babba, ƙarami. Batun tsofaffin wayoyi kuma, tun Maris 2017 Chrome da Firefox da Safari suka karɓi Grid. Gwada ka turo mana hoton yadda ya fito.