Yadda Tiyata Ta Bar Dandali Ta Koma Asibiti

Wata ɗaliba mai karatun tarihin wasan kwaikwayon Turai ta aiko da tambaya. Ta ce ta faɗa wa kakarta wai tiyata take karanta, tsohuwa ta yi ta sa albarka, jikarta za ta zama likita. Shin kalma ɗaya ce, ko kama ce kawai?

'Yata, kalma ɗaya ce, kuma kakarki ba ta yi kuskure ba. Asalinta daga Girkanci ne, "teatron", wato wurin kallo. Haka mutanen birnin Atina na ƙasar Girka ke kiran gangaren tudun da suke zama hawa-hawa suna kallon wasa a bikin gunkinsu Diyonisas. Irin wannan gini na garin Efidawurus yana nan har yau, yana cin mutum wajen 14,000. Da aka zo koyar da likitanci a Turai, sai aka ari fasalin ginin. A jami'ar Faduwa ta Italiya an buɗe wani ɗaki a 1595, tebur a tsakiya can ƙasa, ɗalibai tsaye hawa shida suna leƙen yadda malami ke feɗe gawa. Gani ya kori ji. Daga nan sunan ya bi ɗakin fiɗa, Ingilishi ya riƙe ma'anar biyu. Mu kuwa a bakin malaman asibiti muka fara jin ta, sai muka ɗauki ɗaya muka bar ɗaya. Har ƙari muka yi: a wurinsu sunan ɗaki ne, a wurinmu ya zama sunan aikin kansa, "an yi masa tiyata".

Saboda haka ki ce mata wasan kwaikwayo kike karanta. Ni na fi son wannan suna a kan "dirama", wadda tushenta na Girkanci ke nufin aikatawa kawai. Arastatalis, masanin falsafar Girka, shi da kansa a kan kwaikwayo ya kafa bayaninsa na wasa, ka ce Bahaushe ya tambaya.

Wani malamin sakandare kuma ya ce ya rasa Hausar "tirajidi". Kada a bi asalin kalmar, Malam, don "waƙar bunsuru" take nufi, yara dariya za su yi. Wasu na cewa wasan ban tausayi, ya yi amma ya rage saura, domin Arastatalis abu biyu ya ambata, tausayi da tsoro. Mai kallo yana ganin babban mutum ya faɗi ta dalilin kuskurensa, sai jikinsa ya yi sanyi. Akwai karin maganar da ta ɗauko wannan gaba ɗaya: gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Rubuta ta a allo kafin ka fara darasin.

Ga wata gyara da ba a tambaya ba. Ɗan wasa a Atina, wanda ke sa fuskar aro ya amsa wa 'yan amshi, sunansa "hifokirites", mai amsawa. Ana cewa wani mawaƙi mai suna Tesfis ne ya fara wannan, wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kalmar ce ta gangaro cikin Ingilishi ta zama "hypocrite", wato munafuki.