Shigar da adireshin masu karɓar imel cikin Postfix

Malam, ka tambaya yadda za ka zuba adireshin ma'aikatanku da ke cikin Excel a sabar Postfix (manhajar karɓa da tura imel) da ke gaban babbar sabar imel, don ta daina karɓar saƙon sunayen da ba su wanzu ba.

Ka fitar da adireshin cikin fayil na rubutu zalla, kowane layi adireshi ɗaya, sai tazara, sai kalmar OK. Ka ajiye shi a /etc/postfix/relay_recipients, ka gudanar da postmap a kansa (umarnin da ke mayar da fayil ɗin teburin da Postfix ke karantawa), sannan a main.cf, babban fayil ɗin saitunan Postfix, ka sa relay_recipient_maps = hash:/etc/postfix/relay_recipients, ka yi postfix reload.

Amma a kula da Excel. Idan ka adana da "CSV UTF-8", yana liƙa wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil, sai adireshin farko ya lalace. Ni ya taɓa cin min yini guda, kuma na shugabanmu ne a layin farko!

Duk wanda ka manta, sabar za ta mayar da saƙon da aka aiko masa da lambar 550, wato ta ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Don haka ka kunna soft_bounce = yes na kwana biyu, wanda ke sa ƙin karɓar ya zama na ɗan lokaci don sabar mai aikawa ta sake gwadawa, kana duba /var/log/mail.log don ganin adireshin da aka ƙi, kafin ka kashe soft_bounce ɗin.